Niyya Ba Ta Buɗe Shago: Tsokaci a Kan Binciken Masana Game da Darasin Dogaro da Kai

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga jami'a a Nijeriya tun daga zangon karatu na 2007/2008, ko Hausa yake karantawa, ko aikin likita, ko shari'a, ko labarin ƙasa, ba makawa sai ya zauna darasin nan da ake kira na dogaro da kai, watau darasin koyon kafa sana'a da tafiyar da kasuwanci. Gwamnatin Tarayya ce ta ba da umurnin haka a 2006. Dalilinta kuwa a fili yake: masu digiri sun yi yawa, guraben aikin gwamnati da na kamfanoni sun yi kaɗan, saboda haka sai a koya wa yaro yadda zai ɗauki kansa aiki, har ma in hali ya yi ya ɗauki wasu. Da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja a ƙarshen 2022, ba ta sassauta wannan tilas ba, sai ma ta jaddada shi da darussa biyu, ɗaya a shekara ta biyu, ɗaya a ta uku.

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a duba tarin binciken da malamai da ɗaliban manyan digiri suka yi a kan wannan darasi da ɗan'uwansa, watau horon sanin makamar aiki. Tambayarmu guda ce: bayan duk wannan rubuce-rubuce, shin an gaya mana ko darasin yana aiki? A ganinmu ba a gaya mana ba, domin an auna abin da ke da sauƙin awo, an bar abin da ake bukatar a sani. Muna fata malamanmu da suka yi rubutu a wannan fanni za su karɓi maganar da zuciya ɗaya, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kamannin Binciken

Wanda duk ya shiga ɗakin karatu na tsangayar ilmi ko ta kimiyyar gudanarwa ya ɗaga kundayen digiri, ko ya buɗe mujallun da malamanmu ke kai maƙalunsu, zai tarar da abu guda yana ta dawowa kamar amshin waƙa. Take kusan ɗaya ne: tasirin darasin dogaro da kai a kan niyyar ɗalibai ta kafa sana'a, sai dai a sauya sunan jami'a ko na jiha. Hanyar ma ɗaya ce. Mai bincike zai buga takardar tambayoyi ya raba wa 'yan ajin ƙarshe, a ce mutum ɗari biyu ko uku, kowa ya zaɓi amsa guda: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam. Daga nan a zuba amsoshin cikin kwamfuta, ta fito da alƙaluma, a rubuta cewa an sami dangantaka mai ƙarfi tsakanin darasin da niyya. Sai a rufe da shawarwari: gwamnati ta ƙara kuɗi, a horar da malamai, a gina cibiya. Shi ke nan, a ɗaure kundi da bango mai kauri a jera shi a kanta.

Wannan salo ba a nan aka haife shi ba. Tushensa wani ra'i ne na masanin halayyar ɗan Adam, Icek Ajzen, wanda ya shimfiɗa shi sosai a 1991. A ganinsa, kafin mutum ya aikata abu sai ya yi niyya, niyyar kuwa abubuwa uku ke haifar da ita: yadda mutum ke kallon aikin, da abin da yake zaton mutanensa za su ce, da kuma yadda yake jin zai iya. A 2009 wasu masana biyu, Francisco Liñán da Yi-Wen Chen, suka fito da takardar tambayoyi ta auna niyyar kasuwanci bisa wannan ra'i, suka gwada ta a kan ɗaliban Sifen da na Taiwan. Ita ce, ko 'ya'yanta da jikokinta, ake ta rabawa a azuzuwanmu. Ra'in ba shi da laifi a kan kansa. Shi ma Ajzen bai ce niyya ita ce aiki ba. Abin da ya ce shi ne tana kai mutum ga aiki gwargwadon ikon da ke hannunsa. To, wannan sharaɗi na iko shi ne masu bincikenmu suka yar a hanya.

Aibobi Huɗu

Aibi na farko shi ne abin da ake aunawa. Ɗalibin da ke ajin ƙarshe, wanda ya ga yayyensa sun gama bautar ƙasa suna zaune a gida shekara da shekaru, in ka tambaye shi ko yana da niyyar kafa sana'a, me kake so ya ce? Ko bai taɓa leƙa ajin dogaro da kai ba, i zai ce, domin tsoron zaman banza kaɗai ya isa ya sa masa wannan niyya. Tsakanin niyya da shago kuwa akwai kuɗin haya, akwai jari, akwai wuta, akwai haraji, akwai kuma mai saye. Bahaushe ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Miyar ɗalibi tana ƙarewa ne ran da alawus na bautar ƙasa ya tsaya, a lokacin ne ya kamata mai bincike ya je ya same shi, shi kuwa ya riga ya tattara takardunsa tun da shekara biyu.

Aibi na biyu shi ne rashin abin gwadawa. Likita ba ya cewa magani ya yi aiki sai ya ga abin da ya sami masu ciwon da ba su sha ba. To, tunda an mai da darasin tilas a kan kowa, ina waɗanda ba su sha ba? A wuraren da darasin yake na ganin dama kuma, wata matsalar ce ke ɓullowa, domin waɗanda ke zaɓensa galibi su ne waɗanda dama zuciyarsu na kan kasuwa. Yaron da ya tashi yana zama a shagon babansa a Kantin Kwari tun yana firamare, in ya ce zai yi kasuwanci, ba malamin jami'a ya sa masa ba. Wannan ba zato ba ne kawai. A 2014 Tae Jun Bae da abokan aikinsa sun tattara bincike 73 da aka yi a ƙasashe daban-daban suka haɗa sakamakonsu. Sun sami dangantaka tsakanin darasin da niyya, amma 'yar ƙarama. Da suka cire niyyar da ɗaliban suka zo da ita tun kafin darasin, sai abin da ya rage bai kai a dogara da shi ba.

Aibi na uku shi ne mai tambayar. Sau da yawa mai raba takardar shi ne malamin darasin, ko abokin aikinsa, ko ɗalibin da yake duba wa kundi. Yaron da makinsa ke hannun malam, wanda kuma aka rene shi a kan cewa ba a kunyata babba, ba zai rubuta cewa darasin bai amfane shi da kome ba, ko da an ce kada ya sa suna. Ladabi abu ne mai kyau, amma in aka zuba shi cikin kwamfuta ba ya zama hujja.

Aibi na huɗu kuwa daga waɗannan ukun ya fito, watau kusan kowane kundi abu ɗaya yake ganowa, kuma abin da hukuma ke son ji ne. Binciken da ba ya taɓa ba mai shi mamaki, wanda an san ƙarshensa tun kafin a fara, ya fi kusa da kirari. A 2013 Bruce Martin da abokan aikinsa biyu sun duba rukunin bincike 42 a wannan fanni. Sun yarda darasin yana da amfani, amma sun lura da wani abu mai muhimmanci: binciken da aka yi da sako-sako, ba awo kafin darasi da bayansa, ba rukunin gwadawa, shi ne ya fi zuzuta amfanin. Watau gwargwadon raunin ma'auni, gwargwadon daɗin labari.

Abin da Aka Gano Inda Aka Tsananta Awo

Kada mai karatu ya ɗauka cewa abin ba ya aunuwa. An auna shi a wurare da dama, sakamakon kuwa ya kamata kowane malamin wannan darasi ya san shi.

A ƙasar Holan, Hessel Oosterbeek da abokan aikinsa sun bi ɗaliban wata kwalejin koyon sana'a mai rassa a garuruwa daban-daban, inda wani reshe ke sa ɗalibai su kafa ɗan ƙaramin kamfani na gwaji, wani reshen kuma ba ya yi. Sakamakon da suka buga a 2010 ya nuna cewa shirin bai ƙara wa ɗaliban ƙwarewar da suke jin suna da ita ba, niyyarsu ta kafa sana'a kuwa raguwa ta yi. A wannan shekara dai, wasu masana a birnin Munich na Jamus sun auna wani darasi na tilas irin namu, suka ga ɗalibai sun ƙara jin sun iya, amma niyya ta ɗan ja baya. Wannan ba lalle ne ya zama faɗuwa ba. Wanda ya ɗanɗana wahalar kasuwa a aji ya gane ba hanyarsa ba ce, ya tsira da kuɗin gadonsa. Amma a dubi abin da wannan ke nufi ga kundayenmu: in darasi mai kyau yana iya rage niyya, to hauhawar niyya ba shaidar kyan darasi ba ce.

Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Tunisiya, ƙasar da ita ma ta sha fama da masu digiri marasa aiki. A zangon 2009/2010 aka ba 'yan ajin ƙarshe dama su rubuta tsarin kasuwanci a madadin kundin kammala digiri, tare da horo da mai ba da shawara. Kimanin ɗalibai 1,700 suka nema, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, ba zaɓen son rai, rabi suka shiga shirin, rabi suka bi tsohuwar hanya. Patrick Premand da abokan aikinsa na Bankin Duniya suka bi sawunsu. Bayan kimanin shekara guda da gamawa, cikin kowane mutum 100 an sami ƙarin 1 zuwa 4 masu sana'ar kansu a cikin waɗanda suka yi shirin, amma jimillar masu aikin yi ba ta ƙaru ba. Da aka sake komawa bayan shekara huɗu, sai aka tarar ko wannan ɗan bambancin ya baje. Ɗaliban ba su manta abin da aka koya musu ba, da yawansu kuma sun yi yunƙuri. Babban abin da ya tsaya musu a gaba shi ne rashin jari.

Akwai kuma inda aka ga haske. A Uganda, Michael Gielnik da Michael Frese da wasu sun gwada wani horo na mako 12 a kan ɗaliban jami'a, su ma da ƙuri'a. Bambancinsa da namu shi ne tun daga farko ake raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, a ba kowace ƙungiya rancen kimanin dala 100, a ce su shiga kasuwa su juya su dawo da uwar kuɗi. Rahoton da aka buga a 2015 ya nuna cewa bayan shekara guda waɗanda suka yi horon sun fi sauran kafa sana'a. A birnin Lome na Togo kuma, an raba masu ƙananan sana'o'i 1,500 gida uku: wasu aka koya musu lissafi da talla irin na littafi, wasu aka horar da su a kan himma da neman mafita da kansu, wasu aka bar su haka. Rahoton 2017 ya nuna ribar 'yan rukunin himma ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta 'yan rukunin littafi kuwa da kashi 11, wanda masu binciken suka ce bai kai a tabbatar ba sa'a ce kawai ba. Waɗannan ba ɗaliban jami'a ba ne, amma darasin da ke ciki ya shafe mu: yadda aka koyar ya fi sunan darasin muhimmanci.

Mu dawo gida. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta buɗe gasar tsarin kasuwanci ta matasa mai suna YouWiN. Kusan mutum 24,000 suka nema, 1,200 suka ci, kowanne ya sami kyautar da matsakaicinta ya kai kimanin dala 50,000. Abin da ya sa wannan gasa ta zama abin nazari shi ne, 729 daga cikin waɗanda suka ci an fitar da su ne da ƙuri'a daga cikin mutum 1,841 da suka kai zagayen kusa da ƙarshe. Dukansu sun sami gajeren horo iri ɗaya, dukansu sun rubuta tsari, dukansu suna da niyya. Kuɗi kaɗai ya raba su. David McKenzie ya bi su, ya buga sakamakon a 2017. Bayan shekara uku, a cikin masu neman kafa sabuwar sana'a, waɗanda suka sami kuɗin sun zarce sauran da mutum 37 cikin 100 wajen kasancewa da sana'a mai tafiya, da kuma mutum 23 cikin 100 wajen ɗaukar ma'aikata 10 ko fiye. Ga bincike an yi shi a ƙasarmu, a kan matasanmu, ya nuna inda gizo ke saƙa. Duk da haka da wuya ka ga kundin da ya tsaya ya yi muhawara da shi.

Tsohuwar Magana Ce

Wannan buri na magance rashin aiki ta hanyar sauya manhaja ba yau aka fara shi ba. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka ce zai sa yaro ya fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. Iyayenmu sun san yadda injinan da aka sayo daga waje suka tsufa cikin akwatuna a makarantu da yawa saboda ba wuta, ba malami. Tun a 1965 Philip Foster, wanda ya yi bincike a Gana, ya yi gargaɗi cewa burin ɗalibi ba manhaja ke tsara shi ba, abin da ya gani yana biya a kasuwar aiki shi ke tsara shi. In aikin ofis ya fi noma da ƙira kawo kuɗi da daraja, ko ka shekara kana wa yaro huɗubar noma, ofis zai nufa, kuma bai yi wauta ba. Duk wanda zai yi rubutu a kan darasin dogaro da kai ya kamata ya fara amsa wa Foster, ko ya yarda da shi ko ya kayar da shi da hujja.

Horon Sanin Makamar Aiki

Ciwon nan dai shi ne ya kama binciken da ake yi a kan horon sanin makamar aiki. An kafa Asusun Horar da Ma'aikata, watau ITF, a 1971, shi kuma ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, domin masu masana'antu sun yi ta kuka cewa masu digiri na zuwa musu da ilmin takarda ba su taɓa riƙe kayan aiki ba. Yau shirin ya haura shekara 50. Amma in ka duba yawancin abin da aka rubuta a kansa, ra'ayin ɗalibai ake tambaya: ko sun ji daɗin shirin, ko suna ganin ya amfane su. Alhali kowane ɗalibi ya san cewa zuwa horo iri-iri ne. Wani ya sami wurin da aka ba shi aiki na gaske, wani ya sami wurin da aikinsa sayo wa ma'aikata abinci, wani kuma littafin rahoto kawai ya kai aka sa masa hannu da hatimi. In ka haɗa waɗannan ukun cikin tukunya ɗaya ka fitar da matsakaici, me ka auna?

Abin mamaki shi ne jami'a ta san hanyar da ta dace, tana kuma bin ta a wasu fannoni. Ɗalibin likita sai ya yi shekaru yana zagayen gadajen asibiti a bayan manyansa, ya kuma yi shekara guda ta gwaji kafin a sake shi. Mai karatun shari'a sai ya wuce Makarantar Lauyoyi, ya zauna a kotu da ofishin lauya. Malamin makaranta sai an zo an zauna a bayan ajinsa an ga yadda yake koyarwa. Babu wanda ya taɓa auna tsangayar likitanci da tambayar ɗalibai ko suna da niyyar warkar da marasa lafiya. Don me kasuwanci kaɗai za a auna shi da niyya?

Makarantar da Aka Manta

Babban giɓin da ke cikin wannan bincike, a ganinmu, shi ne ya juya baya ga makarantar da ta daɗe tana yaye 'yan kasuwa a ƙasar nan. Da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da birni mai saƙa da rini wanda tufafinsa ke kaiwa ƙasashe masu nisa. Paul Lovejoy a littafinsa na 1980 ya bayyana yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja. Daga cikin Agalawan nan ne Alhasan Ɗantata ya fito, wanda ya rasu a 1955. Abner Cohen a 1969 ya nuna yadda masu gida a Sabo ta Ibadan ke tafiyar da cinikin shanu da goro na maƙudan kuɗi bisa bashi da amana, ba tare da banki ba. Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa, ta rubuta a kan cinikin da matan aure ke yi daga cikin gidajensu, wanda baƙo ba ya gani a kasuwa. Mahdi Adamu a 1978 ya bi sawun fataken Hausa a faɗin Afirka ta Yamma. Duk waɗannan suna nan a ɗakunan karatunmu, amma masana tarihi da al'ada aka bar wa su. Mai rubutu a kan dogaro da kai ya gwammace ya fara babinsa na biyu da Jami'ar Harvard, inda aka fara koyar da irin wannan darasi a 1947.

Mu dubi yadda wannan makaranta take aiki har gobe. Uba zai kai yaro wurin maigida a kasuwa. Ya fara da shara da aike da ɗaukar kaya. Sannu a hankali a bar shi gaban kaya, ya koyi yadda ake tayi, da inda ake cewa albarka, da inda ake sallamawa. Ya koyi fuskar wanda ake ba bashi da ta wanda ake ba haƙuri. In ya nuna gaskiya, a fara tura shi saro kaya. Daga nan a ba shi kaya ya sayar a raba riba. Ƙarshe a sallame shi da jari, ko a buɗe masa shago, kuma manyan dilolin da suka san shi a bayan maigidansa su ba shi kaya bashi saboda sunan maigidan. Watau yana fita da abubuwa uku: sani, da jari, da amanar mutane. Jami'a kuwa wani yanki na na farkon kaɗai take bayarwa. Abin da gwajin Tunisiya da na YouWiN suka gano da alƙaluma, kasuwar Kurmi ta daɗe da saninsa.

Ba muna cewa wannan tsari ba shi da aibi ba. Babu yarjejeniya a rubuce, saboda haka yaro na iya yin shekara goma yana bauta, ran da ya kamata a sallame shi a laƙa masa sata a kore shi hannu rabbana. Lissafi sau da yawa a ka yake, kuɗin shago da na cefane aljihunsu ɗaya. Dukiya mai yawa takan watse ran rabon gado domin ba a mai da ita kamfani ba. 'Ya'ya mata kuma ba su da ƙofar shiga irin ta maza, sai dai adashi da sana'ar cikin gida. To, ai nan ne ilmin jami'a ke da abin cewa. Shekara nawa yaron shago ke yi kafin a sallame shi? Cikin goma nawa ke samun jari? Mai digirin da ya koma shagon gidansu, ya fi ƙaninsa da bai yi karatu ba riba, ko kuwa? Kowace ɗaya daga waɗannan ta isa kundin babban digiri. Amsarsu kuwa ba ta samuwa da takardar tambayoyi ta Turanci. Sai an zauna a kan benci da Hausa, an san bambancin sari da kiri, da la'ada da kamasho, da uwar kuɗi da riba. A nan ɗaliban harshe da al'ada suna da abin da za su ba 'yan'uwansu na sashen kasuwanci.

Uzuri da Abin Yi

Adalci ne a faɗi uzurin masu binciken. Ƙarin girman malamin jami'a yana rataye ne a kan yawan maƙalun da ya buga, ɗalibin digiri na biyu kuma yana da wa'adi, bin sawun mutane shekara uku kuwa yana cin kuɗi da lokaci. Takardar tambayoyi ana gama ta cikin mako biyu. Mun ji wannan, amma uzuri ba ya mai da niyya ta zama shago. Kuma akwai abubuwan da ba su fi ƙarfinmu ba.

Na farko, tunda ba za a hana kowa darasin ba, ana iya sauya yadda ake koyar da shi. A raba aji da ƙuri'a: wasu su yi lacca kamar yadda aka saba, wasu a ba su ɗan rance su juya, wasu a tura su wurin masu shago da masu sana'a na tsawon zango. Na biyu, a karɓi lambar wayar kowane ɗalibi da ta wani nasa kafin ya fita, a kira shi bayan shekara ɗaya, da uku, da biyar, a tambaye shi abin da ake iya ƙirgawa: yana da sana'a, tun yaushe, mutum nawa yake biya, ina ya sami jari. Sashe guda na iya ɗaukar wannan a matsayin aikin gayya, ɗaliban kowace shekara su ɗora daga inda na baya suka tsaya. Na uku, a ƙirga waɗanda suka karye, a ji abin da ya karya su, domin labarin wanda ya faɗi ya fi na wanda ya ci riba koyarwa. Na huɗu, kada malamin darasi ya zama shi ne alƙalin darasinsa. Na biyar, masu tace mujallu su buɗe ƙofa ga maƙalar da ta ce an gwada ba a ga kome ba, domin ita ma sani ce.

Kammalawa

Wani na iya cewa wannan duk gardamar malamai ce, ba ruwan ɗalibi. Akwai ruwansa ƙwarai. In kundi bayan kundi ya ce darasin yana aiki, sannan aka ga mai digiri zaune ba sana'a, to laifin wa za a gani? Nasa. Za a ce an koya masa, shi ne malalaci, shi ne mai jiran aikin gwamnati. Ba za a yi maganar jarin da bai samu ba, ko wutar da ba ta zo ba, ko ruwan da banki ya ɗora wa rance. An bar jaki ke nan ana dukan taiki. Bincike mai rauni ba a kanta yake tsayawa ba. Yana zama hujja a bakin masu mulki, ya zama zargi a kan wanda ba shi da baki.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da 'yan'uwa ɗalibai masu shirin zaɓen batun kundi, duk wanda zai taɓa wannan fanni, ya bar tambayar mutane abin da suke nufin yi, ya je ya ga abin da suka yi. Ɗaliban da suka fara zama wannan darasi a 2007 suna nan da ransu, wasu a kasuwa, wasu a ofis, wasu a gida. Sun isa a tambaye su.